Silin Akori-Kura da Wanda Yake Zaune a Ƙarƙashinsa

A cikin duk abin da yake lalacewa a jikin tsohuwar akori-kura, silin ne kaɗai ba shi da mai tsaya masa. Idan birki ya yi sanyi, direba zai yi ta magiya har sai an gyara, domin ransa ne a gaba. Idan taya ta suɗe, jami'an hanya za su tuna wa mai mota, ko da ta hanyar tara. Idan inji ya fara shan baƙin mai, shi kansa mai motar ne zai rasa barci. Amma shimfiɗar nan ta soso da yadi da aka manna a ƙarƙashin rufin gaban mota, daidai saman kan direba, ranar da ta saki sai a fizge ta a jefar a bakin gareji, kuma ba a sake ambatonta har motar ta ƙare kwanakinta a hannun 'yan gwangwan. An ɗauka ado ce, kuma motar dakon tumatir ba ta buƙatar ado.

Wannan ɗaukar kuskure ce, kuma kuskuren ya daɗe ne saboda wanda yake yanke hukunci a kan gyara daban, wanda rana take dafawa daban. Da yawa daga cikin masu irin waɗannan motoci ma'aikata ne masu albashi da 'yan kasuwa masu ilimi, waɗanda suka sayi tsohuwar mota da kuɗin adashi ko na sallama daga aiki, suka damƙa ta ga wani ɗan'uwa ko ɗan unguwa yana kawo musu balas. Su ne suke zaune a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki suna lissafin abin da motar ta shigo da shi a mako. Mutum ya ƙawata falonsa da silin na zamani, sa'an nan ya bar wanda yake nemo masa kuɗin cefane a ƙarƙashin tsirarar ƙarfe a watan Afrilu: wannan rowa ce, ko da an yi mata laƙabi da tattali.

Babu inda ya fi dacewa a duba wannan al'amari kamar ƙasar noman rani ta Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwanta ta babbar hanyar ruwa zuwa filayen Kadawa da kewaye, wannan yanki ya daina sanin hutun rani. An tsara kashin farko na aikin ban-ruwan Kogin Kano ya kai kadada 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce take riƙe da shi. Shinkafa da damina, alkama da masara da albasa da tumatir da rani. Abin da ba a cika faɗa ba a tarukan bunƙasa noma shi ne, ruwa yana kai kansa gona ta magudana, amma amfanin gona ba ya fitar da kansa. Tsakanin fadamar da aka tsinki tumatir da kasuwar Kwanar Gafan da ke bakin titin Kano zuwa Zariya, inda manyan motoci suke lodi zuwa Legas da sauran biranen kudu, akwai hanyoyin burji da ramuka da gadojin magudana waɗanda tirela ba ta isa ta bi ba. Akori-kura ce take cike wannan giɓi. Ita take kai taki da iri da injin ban-ruwa da 'yan ƙwadago, ita take fito da kwanduna, ita take kai shanshera wurin masu turara da injinan casa na Kura.

Motocin kuwa kowa ya san su. Akwai ragowar Peugeot 404 da 504 masu bodi, jikokin zamanin da kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, yake cika titunan Arewa. Akwai tsofaffin Toyota Hilux da Nissan da Mitsubishi, wasu gwanjon ma'aikatun gwamnati, wasu 'yan Kwatano da suka gama rayuwa guda a Turai kafin su fara ta biyu a nan. Da wuya a sami wadda ba ta girmi yaron motarta ba.

Yadda silin yake mutuwa abu ne mai sauƙin fahimta, kuma fahimtarsa ita ce rabin gyaran. A motocin da aka ƙera daga wajen shekarun 1980 zuwa yau, silin hawa uku ne: allo mara nauyi da aka matse shi ya ɗauki siffar rufin, sai siririn soso, sai yadi a fuska. Soson shi ne mai rauni. Zafi da danshi suna cin sa a hankali har ya rududduge ya koma gari mai ruwan ƙasa-ƙasa yana danƙo a hannu. Da zarar ya kai haka, yadin ya rasa abin kamawa, sai ya yi ciki ya sauko. Tsofaffin motocin da suka riga wannan zamani kuwa, galibinsu ɗinkakken yadi ne ko leda da aka rataya a kan siraran sandunan ƙarfe da suka gitta rufin, kuma nasu ciwon shi ne zare ya ruɓe ko ledar ta bushe ta tsage. Ko wanne ne, ƙarshen labarin ɗaya ne. Yadi yana shafar hular direba, yana tare masa madubin tsakiya, garin soso yana zubo masa a ido duk lokacin da aka faɗa rami. Ya soke shi da allura, ya tokare shi da kara, wata rana ransa ya ɓaci ya yage shi gaba ɗaya. Ba a ga laifinsa ba. Laifin yana ga abin da ya biyo baya, wato babu komai.

Bahaushe bai buƙatar injiniya ya bayyana masa abin da rufin ƙarfe yake yi wa mutum. Kakanninsa sun yi soro da azara da ƙasa mai kauri, ɗaki ya yi sanyi da rana ya yi ɗumi da dare. Da kwano ya shigo, ba a daɗe ba aka gane cewa ɗakin kwano mara silin tanda ce, har talaka yakan shimfiɗa zana ko buhu ko kwali a ƙarƙashinsa kafin ya sami halin sayen na kanti. To rufin gaban akori-kura kwano ne, sai dai ya fi na ɗaki muni ta fuska biyu. Na farko, tsakaninsa da kan mutum bai wuce taƙi ɗaya ba. Na biyu, ɗakin da yake rufewa ƙarami ne, gilashi ya kewaye shi, kuma ga inji yana hura nasa zafin daga ƙasa. A ƙasar Kano zafin inuwa a watan Afrilu yakan kusanci digiri 40, wasu ranaku ya haura. Ƙarfe mai duhun fenti da ya wuni a rana yakan wuce digiri 60. Ƙarfen da ya yi irin wannan zafi ba ya jiran iska ta ɗauko zafinsa. Feso shi yake yi kai tsaye a kan duk abin da ya fuskance shi, kamar yadda mai zama kusa da murhu yake jin wuta a fuska ko da iska tana kaɗawa. Aikin silin shi ne ya shiga tsakani. Soso cike yake da ƙananan aljihunan iska, iska kuwa ba ta saurin miƙa zafi, saboda haka fuskar da take kallon direba takan tsaya nesa da zafin ƙarfen.

Akwai sauran ayyukansa da ba a lura da su sai an rasa shi. Shi yake shanye ƙugin rufi a hanyar burji, da ƙarar ruwan sama wadda take hana direba jin odar wanda yake bayansa. Shi yake rufe haƙarƙarin ƙarfe da bakin walda da wayoyin fitila, waɗanda kan mutum yake haɗuwa da su idan mota ta yi tsalle da lodi, balle idan ta kife a gefen magudana.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce: ai akwai taga. Wannan magana ce ta wanda ya san mota a kan kwalta kawai. Taga tana sanyaya mutum ne idan mota tana gudu. Motar dakon tumatir kuwa yawancin wuninta ko a tsaye take ko tana rarrafe. Tana tsaye a bakin gona ana jera kwanduna, tana tafiyar hawainiya a kan hanyar gefen magudana don kada kayan su dame, tana tsaye a layin shiga kasuwa, tana tsaye ana ciniki da dillalai. A filin ban-ruwa bishiya ba ta da yawa, domin an share ta tun lokacin da aka daidaita ƙasar. Kuma idan aka buɗe taga a hanyar burji bayan wata mota, ƙura ce take shigowa.

Batun ya wuce jin daɗi. A shekarar 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto kan zafi da aiki, inda ta ƙiyasta cewa zuwa 2030 duniya za ta yi asarar kashi 2.2 cikin ɗari na sa'o'in aiki saboda zafi, daidai da ayyukan yi miliyan 80, kuma a Afirka ta Yamma asarar za ta kusanci kashi 5 cikin ɗari. Rahoton ya nuna cewa a digiri 33 zuwa 34, mai aiki matsakaicin nauyi yakan rasa rabin ƙarfin aikinsa. Tuƙi ba sassabe ba ne, amma abin da zafi yake fara ci a jikin mutum shi ne ainihin jarin direba: natsuwa, saurin lura, da haƙuri. Wanda ya wuni kansa yana dahuwa, shi ne wanda zai hau titin Zariya da la'asar da lodi a baya, tsakanin tireloli da babura da yara masu talla. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, tun kafuwarta a 1988, tana lissafa gajiya cikin abubuwan da suke jawo haɗari. Gajiyar nan ba daga sama take faɗowa ba, ko da yake a wannan karon daga saman take sauka.

A tuna kuma cewa a 'yan shekarun nan azumi ya faɗo cikin tsakiyar bazara da ƙarshen kakar tumatir. Na 2024 ya kama daga Maris zuwa farkon Afrilu, kuma a cikin kwanakinsa na ƙarshe ne zafi ya mamaye yankin Sahel har garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Direban Kadawa da ya ɗauki azumi a wannan wata bai da ruwan da zai rama gumin da ya zubar sai magariba. Mai motarsa ma ya yi azumi, amma a ƙarƙashin fanka.

A nan ne tsarin balas yake nuna haƙoransa. A al'adar da aka fi bi, direba yana sayen mai, yana biyan kuɗin ƙungiya da na shinge, yana ɗaukar ƙananan gyare-gyare, ya kawo wa mai mota adadin da aka yanka. Manyan gyare-gyare na mai mota ne. To silin ƙaramin gyara ne ko babba? Ya fi ƙarfin abin da direba zai cire daga cinikin rana ba tare da gidansa ya ji a jika ba, kuma bai kai abin da zai tsayar da mota ba balle mai ita ya damu. Sai ya faɗa ramin da yake tsakanin aljihu biyu. Direba ba zai zuba kuɗinsa a motar da za a iya karɓe makullinta gobe ba. Mai mota ba zai biya kuɗin inuwar da ba shi zai sha ba. Kowa yana da hujja, kuma a ƙarshe mai ƙaramin ƙarfi ne yake biya da jikinsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu motoci ita ce tsadar rayuwa, kuma ba a raina ta. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa, har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi ya bi dala. Mai tsohuwar mota yana zaɓe ne tsakanin taya da batir, kuma kowanne ya zaɓa ɗayan yana jiransa. Sai dai wannan hujja ba ta shafi silin ba, domin shi ne kusan gyara ɗaya tilo a jikin mota da ba ya buƙatar komai daga ƙetare in ban da gam. Ba a neman na asali daga Kofar Ruwa. Wanda aka ciro daga mataccen mota ma sosonsa sa'an wanda ya mutu ne, kuma ba zai yi bazara biyu ba. Abin da ake nema yana hannun masu ɗinkin kujerun mota da masu yin kushin, waɗanda suke cike da Kano kuma ba a rasa su a garuruwan bakin titi.

Aikin kansa na wuni ɗaya ne. Gaban akori-kura mai kujera ɗaya ƙarami ne, rufinsa bai kai faɗin tabarmar mutum biyu ba. Ana kwance makarin rana da fitilar ciki da madafun hannu, a ɗaga robar bakin ƙofa, allon ya fito ta ƙofa. Idan allon yana nan da ransa, an gama da rabin kuɗin. Sai a kankare tsohon soson da burushi mai tauri har allon ya fito fes. Wannan matakin ne masu gaggawa suke tsallakewa, kuma shi ne dalilin da ya sa ake cewa gyaran silin ba ya ƙarko: duk wanda ya shafa gam a kan garin soso, gari ya manna wa yadi, kuma kafin mako ya zagayo zai sake saukowa. Bayan kankara, a sami soso siriri da bai wuce kaurin ɗan yatsa ba, da yadi kamar yadi biyu mai haske, irin wanda ba ya riƙe ƙura. A shafa gam mai jure zafi a fuska biyun, a dakata ya sha iska har ya daina bin yatsa, sa'an nan a fara mannawa daga tsakiya ana lallashi zuwa gefe, rabi ɗaya kafin ɗaya rabin. A naɗe bakin ta baya, a huda gurbin fitila da na ƙusoshi, a mayar.

Idan kuwa allon ya tafi tun zamanin mai motar na uku, nan ne gwanintar mai sana'a take fitowa. Zai ɗauki babban kwali, irin na firiji, ya tura shi rufin ya zana ya yanke har ya zauna daidai. Wannan shi ne ma'auninsa. Da shi zai yanki siririn falankin katako mai lanƙwasuwa, ko faifan roba mai ramuka a ciki irin wanda ake buga tallace-tallace a kai, wanda bayan kowane zaɓe yake zama shara a titunan Kano. Roban nan ba ya jin ruwa, ba shi da nauyi, kuma ramukansa iska ce a ɗaure. A kansa ake manna soso da yadi. Wajen ɗaurawa, ana amfani da ramukan da kamfani ya riga ya huda na makarin rana da fitila, a ƙara da siraran sanduna biyu ko uku da za a lanƙwasa a tokare su daga gefe zuwa gefe, kamar yadda tsofaffin motoci suke. Mai son ƙarin sanyi zai manna takardar alminiyam a bayan allon, ta kalli ƙarfen rufin, muddin an bar 'yar tazara a tsakaninsu, domin idan ta manne da ƙarfe aikinta na mayar da zafi ya ɓaci. Wanda kuma ya shafa wa saman rufin farin fenti ya rage wutar tun daga tushe. Duk wannan, da kaya da ladan aiki, bai kai abin da motar take sha idan an cika tankinta sau ɗaya ba a farashin yau.

Sauƙin kuɗi ba lasisin ganganci ba ne, kuma a nan masu gyaran suna da nasu rabon faɗa. Farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake tallafe talabijin da shi a kwali yana da arha kuma yana tare zafi, amma gam mai warin fetur yana narkar da shi nan take, kuma idan ya kama wuta yana ɗiga yana fitar da baƙin hayaƙi a daidai kan mutum, a cikin motar da sau da yawa akwai jarkar man injin ban-ruwa a bayan kujera. Huda rufin daga waje da ƙusa mai zare don a riƙe silin gayyatar tsatsa ce da yoyo. Damina ɗaya ta isa. Allurai da ƙusoshi masu kai a ƙasa ba su da wurin zama a saman kan ɗan Adam. Manna soso kai tsaye a jikin ƙarfe da gam ɗin takalmi aikin banza ne, domin zafin da ake gudu shi zai sake shi. Kwali zalla yana riƙe danshi ya ruɓe, ya zama gidan kyankyaso. Kuma gam ɗin nan a fili ake shafa shi, nesa da mai walda da mai shan taba. Yaran da suke koyon sana'ar, waɗanda ake turawa cikin rufaffiyar mota da gwangwanin gam, suna shaƙar abin da bai kamata huhun yaro ya sani ba. Maigidan da ya bar haka ta faru a garejinsa ya yi wa yaron abin da mai mota ya yi wa direba.

Su ma direbobi ba a wanke su tas ba. Wanda ya ce ba shi da kuɗin soso, sau da yawa yana da na oda mai kiɗa da fitilu masu launi da rubutun hikima a bayan bodi. Akwai kuma wata jarumta ta ƙarya da ta zauna a tasha, wadda take ɗaukar ƙorafin zafi a matsayin ragwanci, har saurayi ya gwammace ya ɗaura jiƙaƙƙen tawul a ka da ya buɗe baki ya roƙi maigidansa gyara. Amma wannan jarumtar wa take yi wa amfani? Rubutun bayan mota na direba ne, domin duniya tana gani kuma sunansa yake ɗagawa. Silin kuwa kadarar mai mota ce. Ranar da za a sayar da motar, shi zai karɓi ƙarin da tsabtar cikinta ta jawo.

Sai kuma masu cewa duk wannan ɓata baki ne, domin motocin da suka shekara talatin ba gyara suke buƙata ba, ritaya suke buƙata. A kan takarda maganarsu tana da kyau. Tun 2013 ake da manufar ƙasa ta bunƙasa ƙera motoci a cikin gida, kuma har yau manomin Bunkure bai ga sabuwar akori-kurar da kuɗin albasarsa zai saya ba. Sabuwar Hilux a yau motar gwamna ce da ɗan kwangila. Har zuwa ranar da wani zai ajiye madadin a bakin magudana, waɗannan tsofaffin su ne ƙafafun noman rani, kuma mutane ne a cikinsu yau, ba a ranar da manufa za ta cika ba. Wanda ya hana gyaran ɗan ƙaramin abu da sunan jiran babban sauyi, shi ma bai taɓa zama a ciki ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda tumatirin kansa ya sami masu tausaya masa. An yi taruka a manyan otal kan asarar bayan girbi, ana ambaton cewa kashi 40 ko fiye na tumatirin Najeriya yana lalacewa kafin ya kai tukunya. An kawo akwatunan roba don su maye gurbin kwando saboda kada na ƙasa ya matse. An yi maganar ɗakunan sanyi. An gina masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, aka buɗe ta a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, a shekarar da tsutsar nan da manoma suka raɗa wa suna sharon ta cinye gonaki, kuma tun daga lokacin tana buɗewa tana rufewa. Duk waɗannan ƙoƙari ne masu ma'ana. Amma a cikin wannan dogon lissafi na yadda zafi yake lalata kayan gwari a hanya, mutumin da yake riƙe da sitiyari bai fito ko a gefen shafi ba. Ana rufe kwando da ciyawa da buhu don kada rana ta taɓa shi, a bar direba da hularsa.

Doka ma ba ta gan shi ba. Dokar masana'antu ta 1987 ta yi tanadin iska da sarari ga ma'aikacin da yake cikin gini, amma gaban mota ba masana'anta ba ce a idonta. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 a aikace ta fi aiki ne inda akwai rajista da takardar albashi, direban balas kuwa yarjejeniyarsa ta baka ce. Jami'in duba lafiyar mota zai nemi fitila da madubi da abin kashe gobara. KAROTA za ta nemi takardu da yawan lodi. Babu wanda zai ɗaga kai ya dubi rufi. Kuma ba a fatan su fara, domin duk sabon abin dubawa a titin Najeriya sabon shinge ne, kuma kuɗin da za a karɓa a wurin daga aljihun direban zai fito, ba kuwa zai koma soso ba.

Inda maganar za ta yi tasiri shi ne inda ake ƙulla yarjejeniya. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kura da Kwanar Gafan suna shiga tsakanin mai mota da direba a kan balas da haɗari da ɓatan kaya. Babu abin da zai hana su sanya silin cikin jerin gyaran da yake wuyan mai mota, kusa da inji da giya, a faɗe shi a gaban shaidu ranar da ake miƙa makulli. Mai motar da yake tsoron kada kuɗin ya bi ta wata hanya, ya kai ta wurin mai ɗinkin da kansa ya biya hannu da hannu. Lokacin yin aikin kuwa sananne ne: ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, bayan an kwashe shinkafa, kafin tumatir ya nuna. A lokacin iska a bushe take, gam yana kamawa da kyau, kuma mota tana iya hutun wuni ɗaya ba tare da wani manomi ya tsaya a bakin gona da kwanduna yana jiranta ba.